Shin harsashi yana tsufa? Fashin baƙi kan lalacewar harsasai da fashewar rumbunan makamai

Duk ranar da jami'an tsaro suka baje harsasan da suka ƙwato a gaban 'yan jarida, wasu sun yi tsatsa, wasu sun yi kore-kore, sai musu ya kaure a majalisun hira. Wannan ya ce ai waɗannan sun mutu, ko an ɗana ba za su tashi ba. Wancan ya ce harsashi ƙarfe ne, ƙarfe kuwa ba ya mutuwa. Tun lokacin da yaƙin Boko Haram ya yi zafi kuma ake jin ƙorafin cewa an ba sojoji harsasan da wa'adinsu ya ƙare, kai ka ce maganin tari ne da ya daɗe a kanti. Ana cikin haka, a daren 18 ga Yunin 2024, rumbun makaman soja da ke unguwar Goudji a N'Djamena ya kama da wuta, makamai suka riƙa tashi suna faɗawa gidajen mutane. Gwamnatin Chadi ta ce mutum 9 sun rasu, 46 sun jikkata.

To, shin harsashi yana da ranar mutuwa? In yana da ita, me ke kashe shi? Kuma me ya shafi wanda bai taɓa riƙe bindiga ba?

Harsashi yana tsufa, amma ba da ƙirgen shekaru yake tsufa ba. Zafi da laima ne ke cinye shi. Harsashin da ya shekara 60 a wuri mai sanyi, busasshe, yana iya fin wanda ya shekara 5 cikin kwantena a rana lafiya. Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba shi ne, tsufan nan ba kullum yake ƙarewa da mutuwa ba. Wani lokaci da gobara yake ƙarewa.

Me ke cikin harsashi?

Abin da muke kira harsashi a dunƙule, abu huɗu ne aka haɗa. Akwai kwanso, wanda galibi na tagulla ne, ko na baƙin ƙarfe da aka shafa wa fenti ko ruwan jan ƙarfe, kamar yawancin harsasan AK-47 da aka ƙera a tsohuwar Tarayyar Sobiyet da China. Akwai kan harsashi, wato abin da ke fita ya sami mutum, dalma ce ko ƙarfe da aka lulluɓe. Akwai albarushi a cikin kwanson. Sai kuma wata 'yar hula a gindi, mai ɗauke da ɗan sinadarin da ke ba da tartsatsi idan allurar bindiga ta buge shi. Bari mu kira ta ƙyastu, tunda aikinta ke nan.

Kowane ɗaya daga cikin huɗun nan da irin tsufansa. Kan harsashi shi ne mafi ƙarancin matsala: dalma kan yi fari-fari a jiki, shi ke nan. Sauran ukun ne ke da labari.

Albarushin da ke cin kansa

Albarushi iri biyu ne, kuma rashin bambanta su shi ne tushen yawancin ruɗanin.

Na farko shi ne baƙin albarushi, na bindigar toka, wanda maharba da 'yan bindigar sarki ke ɗurawa ranar hawan Sallah. Gawayi ne da farar wuta da wani gishiri aka cakuɗa. Wannan ba ya ruɓewa don daɗewa. Abokin gabarsa guda ne, laima. In ya jiƙe ya dunƙule ya ƙi kamawa. In ya zauna a bushe, sai ya shekara ɗari yana nan daram. A shekarar 2008, a jihar Bajiniya ta Amurka, wani mai tara kayan tarihi ya rasa ransa yana goge wani ƙwallon igwa da ya rage daga yaƙin basasar ƙasar, yaƙin da ya ƙare tun 1865. Sama da shekara 140, albarushin bai manta aikinsa ba.

Na biyu shi ne albarushin zamani marar hayaƙi, wanda ke cikin kusan duk harsasan da ake ƙerawa yanzu. Wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya fito da shi a 1884. Asalinsa auduga ce ko ɓargon itace da aka jiƙa da asid mai ƙarfi har ya koma sinadarin da ake kira naitirosalulos; wasu nau'o'in ana ƙara musu naitirogilisarin. Ya fi baƙin albarushi ƙarfi nesa ba kusa ba, ba ya kuma cika bindiga da toka. Sai dai yana da wani hali da aka haife shi da shi: daga ranar da aka yi shi ya fara ruɓewa, a hankali ƙwarai, ko da ba abin da ya taɓa shi.

Yayin da yake ruɓewa yana fitar da wani tururi mai tsami. Tururin nan in ya haɗu da ɗan danshi sai ya zama asid, asid ɗin kuma ya koma ya ci albarushin, ya ƙara masa saurin ruɓewa, ya ƙara fitar da tururi. Kowane zagaye kuma yana haifar da ɗan ɗumi. Duk manomin da ya taɓa tura hannu cikin tarin taki, ko cikin harawar da aka jibge tun ba ta bushe ba, ya san yadda abu ke ɗaukar zafi daga cikinsa ba tare da an kawo wuta ba. A cikin harsashi guda ɗumin nan yana ficewa ta jikin kwanso. A cikin tan-tan na albarushin igwa da aka jibge a ɗaki guda, ba shi da inda za shi.

Faransa ta koyi wannan darasi da rayukan sojojin ruwanta. A 12 ga Maris 1907 jirgin yaƙi Iéna ya tarwatse yana ajiye a tashar Tulon, sama da mutum 100 suka mutu. A 25 ga Satumba 1911, a tashar dai, jirgi Liberté ya bi sahu, ya tafi da sama da mutum 200. Babu abokin gaba a kusa. Bincike ya ɗora laifin a kan albarushin Vieille da ya tsufa ya kama da kansa. Irin abin da ya riƙa cinye rumbunan tsofaffin faya-fayen sinima ke nan, domin da wannan sinadarin ake yin su a da. A Yulin 1937, ana tsakiyar zafi, rumbun kamfanin Fox da ke jihar New Jersey ya ƙone ƙurmus.

Maganin da aka samo shi ne zuba wani sinadari kaɗan cikin albarushin tun a masana'anta, wanda aka fi sani shi ne difenilamin. Aikinsa ya riƙa shanye tururin nan kafin ya yi ɓarna, kamar soso. Amma soso yana cika. Idan ana maganar shekarun albarushi, ainihin abin da ake nufi shi ne, saura nawa a cikin soson nan. Rundunonin da ke kula da kayansu suna ɗiban samfuri daga kowane rukuni lokaci-lokaci su auna a ɗakin gwaji. A ƙa'idar sojan Amurka, in abin da ya rage ya gaza kashi 0.2 cikin ɗari, albarushin ya zama na lalatawa ba da ɓata lokaci ba.

Nan ne zafi ke shigowa. Ƙa'idar da masana ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 a ma'aunin zafi yana ninka saurin ruɓewar aƙalla sau biyu. Yanzu ka tuna Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas ko N'Djamena a watan Afrilu da Mayu, inda zafin inuwa ke haura digiri 40, ka kuma tuna yadda cikin kwantenar ƙarfe ke zama da azahar. Albarushin da aka lissafa masa shekaru masu yawa bisa yanayin Turai, a nan sai ya cinye su cikin kaso kaɗan na lokacin. Lalatacce yana da alamu: wari mai ɗaci da ke sukar hanci, jan ƙura kamar tsatsa, ko kwanson da ya fara cinyewa daga ciki.

Kwanso da ƙyastu

Labarin kwanso yana da ban dariya kaɗan. Lokacin da Ingila ke mulkin Indiya, sojojinta kan ajiye akwatunan harsasai a bargar dawakai idan damina ta sauka. Da rani ya yi aka fito da su, sai a tarar kwanson tagullar ya tsattsage a wuya. Aka ɗora wa damina laifi, har aka sa wa cutar sunan tsagewar yanayi. Sai a 1921 masana suka gano cewa fitsarin dawakai ne. Amoniyar da ke tashi daga fitsarin, in ta sami tagullar da aka matse aka lanƙwasa a masana'anta, sai ta bi ta tsaga ta. Daga nan aka riƙa gasa wuyan kwanson don ya saki jiki. Launin bakan gizo da ake gani a wuyan wasu harsasan soja, alamar gashin nan ce, ba lalacewa ba.

Tagulla in ta yi duhu kawai, ba komai. In ta yi koren gari, ko ta yi ramuka, ta fara rauni. Kwanson baƙin ƙarfe kuwa da zarar fentinsa ya ƙuje tsatsa ta samu ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ta nan laima ke kai wa albarushi da ƙyastu.

Shi ya sa harsasan soja suka fi na farauta jure wahala. Ana shafa musu wani ɗan fenti, ja ko kore ko shuɗi, a gefen ƙyastu, a kuma toshe wuyan, sannan a rufe su cikin gwangwanin da iska ba ta shiga. Katirij ɗin bindigar farauta, wanda 'yan banga da maharba suka fi amfani da shi, ba ya samun wannan gata. Bakinsa naɗewa kawai aka yi, kuma tsofaffin na takarda kumbura suke yi da damina har su ƙi shiga bindiga.

Ƙyastu ma ya sha canji. Na farko-farko da sinadarin zaiba ake yin sa, yana mutuwa da wuri a wuri mai zafi, kuma yana raunana tagulla. Aka koma wani mai gishiri, wanda ke daɗewa sosai amma yana barin gishiri a bututun bindiga, tsatsa ta cinye shi in ba a wanke ba. Yawancin tsofaffin harsasan ƙasashen gurguzu irinsa ne. Na yanzu, wanda Jamusawa suka fara yaɗawa wajen ƙarshen shekarun 1920, na dalma ne, ba ya kawo tsatsa. Abin da ke kashe ƙyastu shi ne ruwa da mai. Mutumin da ya yi wa harsasansa wanka da man bindiga don kada su yi tsatsa, yana iya kashe su da hannunsa.

Idan tsohon harsashi ya gaza

Gazawar iri uku ce, kuma wadda mutane suka fi tsoro ita ce mafi sauƙi. Ta farko, a ja kunama a ji ƙas, shiru. Ta biyu, a ji shiru na ɗan lokaci, sannan ya tashi, bayan mai bindiga ya sauke ta ko ya buɗe ta ko ya juya bakinta wajen abokinsa. Saboda wannan ne ake koya wa masu harbi su bar bakin bindiga yana kallon inda ba kowa, su jira kamar daƙiƙa 30 kafin su taɓa komai. Ta uku, albarushin ya kama rabi da rabi, kan harsashin ya maƙale a cikin bututu. In aka sake harbi a bayansa, bindigar na iya fashewa a fuskar mai ita.

Manyan makamai sun fi haka laulayi. Rokoki suna da dunƙulallen mai wanda ke tsagewa saboda zafin rana da sanyin dare. In ya tsage, wuta ta sami fili fiye da yadda aka tsara, sai rokar ta fashe maimakon ta tashi. Harsasai masu haske a duhu suna saurin dushewa. Wasu bama-bamai in sun sha zafi sai su riƙa tsattsafo da wani mai ta bakin murfi. A 29 ga Yulin 1967 gobara ta tashi a jirgin yaƙin Amurka Forrestal a gaɓar Biyetnam. An loda masa tsofaffin bama-bamai da suka daɗe a ajiye cikin zafi da laima, ɗaya daga cikinsu ya fashe cikin kamar minti ɗaya da rabi, a daidai lokacin da masu kashe gobara ke fama da wutar. Mutum 134 suka mutu.

To, maganar wa'adi fa?

A nan ake da ɓangare biyu, kuma kowa da gaskiyarsa.

Masu cewa harsashi ba ya mutuwa suna da hujja. Kamfanoni da dama suna ambaton shekara 10, amma wannan adadi ne na kare kai, ba ranar da harsashin zai daina aiki ba. Har yau akwai masu harba harsasan Yaƙin Duniya na Biyu, suna tashi. Lambobin da ke gindin kwanso ma ba ranar ƙarewa ba ce. Galibi alamar masana'anta ce da shekarar ƙira. Da su ne masu bin diddigin makamai ke gane inda harsashi ya fito, ko daga China, ko daga gabashin Turai, ko daga masana'antar DICON ta Kaduna da aka kafa a 1964. Wannan tsawon rai ba abin murna ba ne a wurinmu. Da aka wawashe rumbunan Gaddafi a 2011, kayan da aka saya shekaru da dama kafin nan suka kwararo Mali da Nijar da sauran Sahel, kuma sun yi aiki.

Masu ƙorafin an ba su tsofaffin kaya su ma ba ƙarya suke ba. Mai harbin nishaɗi in harsashi ɗaya cikin ashirin ya ƙi tashi, tsaki kawai zai yi. Soja a bakin daga, wannan ɗayan na iya zama ajalinsa. Kuma cinikin tsofaffin harsasai harka ce mai maiƙo. A 2008 aka bankaɗo cewa wani kamfanin Amurka mai suna AEY, da aka ba kwangilar kusan dala miliyan 300 don wadata sojojin Afganistan, yana kai musu harsasan China ne da suka shekara arba'in a rumbunan Albaniya, an sauya musu akwati don a ɓoye asalinsu.

A ganina, tambayar shekara nawa harsashi ya yi ba ta da amfani sosai. Wadda ya kamata 'yan majalisa da 'yan jarida su riƙa yi ita ce: ina ya zauna duk shekarun nan, wa ya gwada shi, yaushe, ina takardar? Rukunin da ba a san tarihin ajiyarsa ba, ko sabo ne a ido, abin zargi ne.

Rumbun da gari ya cim masa

Nan ne maganar ta bar hannun masu bindiga ta shigo gidan kowa. Ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002, rumbun makamai na barikin Ikeja a Legas ya kama da wuta. Bama-bamai suka yi ta tashi, mutane suka fita da gudu ba su san abin da ke faruwa ba, wasu suna zaton juyin mulki ne ko yaƙi. Sama da mutum 1,000 suka rasu, kuma mafi yawansu ba bam ne ya kashe su ba. Cikin magudanar Oke-Afa suka afka, wadda ciyawar ruwa ta rufe samanta, na baya suna turo na gaba. Yara suna da yawa a cikinsu.

Ba Legas kaɗai ba. A Maris 2007 rumbun Malhazine a Maputo, babban birnin Mozambik, mai cike da tsofaffin makaman zamanin Sobiyet, ya tashi ana tsananin zafi, ya kashe kimanin mutum 100. A 4 ga Maris 2012 na unguwar Mpila a Barazabil, babban birnin Jamhuriyar Kongo, ya rusa unguwanni, sama da mutum 200 suka mutu. A 7 ga Maris 2021 na barikin Nkoantoma a Bata, Ikwatoriyal Gini, ya kashe sama da 100. Cibiyar Small Arms Survey da ke Janiba ta ƙirga irin waɗannan fashe-fashe sama da 600 a duniya tun daga 1979.

Dole a yi adalci: ba dukansu tsufa ne ya kunna su ba. A Barazabil hukuma ta ce wayar lantarki ce, a Bata aka ce wutar share gona ce ta yi tsalle. Amma tsofaffin kayan da aka cakuɗa barkatai, masu lafiya da marasa lafiya, albarushi kusa da bam, su ne ke mayar da ƙaramar gobara bala'in gari guda. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na tsibirin Kubrus da ke tekun Bahar Rum. A 2009 aka ƙwace kwantena 98 na albarushi da kayan yaƙi daga wani jirgin ruwa, aka jibge su a filin sansanin sojan ruwa da ke Mari, rana tana dukansu sama da shekara biyu. Har aka ga wata kwantenar ta kumbura, aka riƙa watsa musu ruwa. A 11 ga Yulin 2011 suka tashi, mutum 13 suka mutu har da babban kwamandan sojan ruwan ƙasar, babbar tashar lantarkin tsibirin da ke kusa ta rushe.

Me ya sa ba a lalata tsofaffin? Na ɗaya, kuɗi: lalata harsashi aiki ne mai tsada da haɗari. A Gërdec ta Albaniya, a Maris 2008, wurin kwance tsofaffin makaman ne ma ya fashe, mutum 26 suka mutu. Na biyu, babu kwamandan da ke son ya ga adadin da ke takardarsa ya ragu, ko da rabinsa shara ce. Na uku, lalatawa tana buƙatar ƙirge, ƙirge kuwa yana tona abin da ya ɓace. Sannan barikokin da aka gina a bayan gari zamanin Turawa, yau gari ya zagaye su, da makarantu da kasuwanni a jikin katanga. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idojin ajiyar harsasai a 2011, waɗanda suka fayyace tazarar da ya kamata a bari tsakanin rumbu da gidaje da kuma abin da ba a haɗawa ɗaki guda. Amma bin su ba tilas ba ne a kan kowace ƙasa.

Wanda ke kwance a gona

Akwai kuma wanda ba ya rumbu. Makamin da aka harba bai fashe ba, ko aka binne aka gudu, ba ya mutuwa don ya yi tsatsa. Sau da yawa tsatsar ta cinye abin da ke riƙe da kunamarsa ne, abin fashewar kuwa yana nan. Manoman Faransa da Beljiyam har yanzu suna tono harsasan igwa na yaƙin 1914 zuwa 1918 da garma. A Satumba 2017 an kwashe kimanin mutum 60,000 a birnin Frankfurt na Jamus don a kwance bam guda na Yaƙin Duniya na Biyu. A kudu maso gabashin Najeriya ana ci gaba da tsintar ragowar yaƙin basasar da ya ƙare a 1970, Borno da Yobe da Diffa kuma nasu sabo ne.

Waɗanda suka fi shiga haɗarin su ne yara, makiyaya, masu komawa gonakin da aka daɗe ba a noma ba, da 'yan gwangwan da ke ganin tagulla a matsayin kuɗi. Tsohon ƙarfe mai siffar kwalba ko mai fika-fikai a wutsiya ba a ɗaga shi, ba a buga shi da guduma, ba a jefa shi wuta don a raba tagulla da dalma. Ko ƙananan harsasai ne, jefa su cikin wuta na tarwatsa kwanso ya tsone ido, sannan a dokar Najeriya riƙe harsashi ba da lasisi ba laifi ne, ko da tsintarsa aka yi aka kai gida. Wanda ya gani ya bar shi inda yake, ya sa alama daga nesa da reshe ko tarin duwatsu, ya kori yara da dabbobi daga wurin, ya sanar da mai unguwa da 'yan sanda ko sojan da ke kusa, su turo masu kwance bam.